Inda Ake Ɗaga Filafili

Kwana huɗu muka yi a kan Bahar Maliya daga gaɓar Sudan, kuma a cikin huɗun nan babu wanda na yi a tsaye. Ni Garba, jikan Sarkawa masunta, wanda saura kaɗan a haife shi cikin kwale-kwale, ni ne kwance a gindin jirgi ina ta amai, wata tsohuwa 'yar Damagaram da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba tana yi mini sannu. Tun daga Yauri nake cika wa abokan tafiya baki cewa in dai ruwa ne su bar ni da shi. Babu wanda ya tuna mini da maganar, shirun nasu kuwa ya fi dariya ciwo.

Mai jirgin ya sauke mu da hantsi a wata gaɓa da babu ko bukka. Ya nuna wani tudu ya ce Jidda tana bayansa, ya juya jirginsa. Muka hau tudun, muka tarar da wani tudun. Kwana shida muka yi muna bin bakin teku a ƙasa. A rana ta huɗu tsohuwar nan ta zauna ta ce mu yi gaba za ta biyo mu, muka tsaya tare da ita, kafin la'asar ta rasu. Da gizagon mahaifina, wanda na ɗauko don neman abinci, na haƙa mata kabari. Muka yi mata salla muka wuce, kuma har yau ban san sunan wurin ba.

Bayan an sauko daga Arfa abokan tafiyata suka juya gida, ni na tsaya. Na ce shekara biyu kawai zan yi, in sami abin da zan shiga gari da shi. A Ruwais na sami masauki, unguwar masunta a bakin tekun Jidda, a gidan wata mata da kowa ke kira Khala Maryam. Kakanninta daga Katsina suka zo a ƙasa, ita kuwa a Jidda aka haife ta. Hausarta rabi Larabci ce, faɗanta ya fi abincinta yawa, abincin kuwa ba kaɗan ba ne. Ita ta kai ni wurin Ammi Salih, wani Balarabe mai gyaran jirage, ta ce masa, "Hada waladi, ɗana ne wannan, masassaƙi ne. In ka cuce shi, ni da kai ne." Shi ya zama kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, kuma ban taɓa kama shi da cuta ba.

Manyan jiragensu na katako ban iya su ba sai daga baya. Amma akwai wani ƙarami da suke kira huri, na gungume guda, irin namu sak, wannan kam ko a mafarki zan gyara shi. Duk hurin da ya tsage a Ruwais wurina ake kawo shi. A haka shekara biyun nan ta zama tara. Labarin gida sau ɗaya nake samu a shekara, idan alhazan Yauri sun zo da takardar ajami da ƙanena Sani yake rubutawa da bakin Inna.

A shekara ta tara, lokacin ana yaƙin basasa a gida, wani kamfanin Turawa ya zo auna zurfin teku don faɗaɗa tashar jirage. Jirginsu mai inji ba ya iya shiga cikin duwatsun ruwa, sai suka sayi huri. Wata rana mutumin da ke tuƙa musu shi ya kawo mini gyara. Dattijo ne, ya ba hamsin baya, ba fari ba ba baƙi ba, gashinsa miƙaƙƙe da furfura. Khala Maryam ta leƙo ta ce Jawi ne, irin mutanen tsibiran gabas mai nisa. Ammi Salih ya ce a'a, Bukhari ne, daga tsakiyar Asiya. Shi dai ya tsuguna yana shafa tsagar da tafin hannu, a nan na gane ɗan ruwa ne.

Da azahar Khala ta aiko da shinkafa da soyayyen kifi, na ce ya sa hannu. Muna ci ina wurga wa kyanwoyin Ruwais ƙaya, shi kuwa yana tara tasa a gefen faranti ɗaya bayan ɗaya. Da muka gama ya ƙulle ta a hankici. Na ce a raina, to, ko boka ne ko mayunwaci. Sai ya tashi ya taka har ruwa ya kai masa gwiwa, ya zazzage ƙayar a teku, ya dawo. Ina da ɗan Turancin da na tsinta a jiragen Lokoja, na tambaye shi dalili.

"A wurinmu abin da ya fito daga ruwa, ƙashinsa ruwa yake komawa," in ji shi. "In ka bar kare ya ci, kifin ya ji an wulaƙanta shi, baɗi ba zai zo maka ba."

Na yi dariya, amma ba sosai ba, don kakana ma ba ya yarda a tsallaka kifin farko na shekara.

Sunansa Antuwan. Ya ce sunan limaman coci ne suka ba shi, na gidansu daban ne, bai kuwa faɗa mini shi ba. Mutanensa Turawa na kiransu Algonkin, su suna kiran kansu Anishinabe, a ƙasar Kanada, a bakin wani kogi da suke ce wa Kici Sibi, wato babban kogi. Kwana biyar gyaran ya ɗauka, ya kamata ya zama uku, amma hira ta ci sauran. Da ya ga ina ƙusance tsagar da gwangwani sai ya kau da kai kamar na zage shi. Ya ce nasu jirgin babu ƙusa ko ɗaya. Akwai wata bishiya mai farin ɓawo, a farkon zafi ake ɓare ta, ɓawon ya fito falle guda kamar tabarma. A ɗinke shi da saiwar itace, a jera haƙarƙari a ciki, a toshe ɗinkin da ƙaro da aka dafa da kitse. Idan an iso inda kogi ya yi duwatsu, mutum ɗaya sai ya kifa jirgin a ka ya wuce ta tudu.

Na ce, "Dattijo, ka ji tsoron Allah. A ƙasarmu jirgi ne ke ɗaukar mutum."

Ranar ce na fara ganin haƙoransa.

Daga nan ya zama duk Juma'a da safe, ranar da ba su aiki, sai ya zo. Ya ba ni labarin yadda da zafi dukan dangi ke haɗuwa a bakin babban kogi, a yi aure, a yi ciniki, a kama kifi a shanya. Idan ganye ya fara zuba sai kowane gida ya loda jirginsa ya haura ƙaramin rafinsa, zuwa dajin da uba ya gada daga kaka. Ba a farautar dajin gaba ɗaya, bana nan, baɗi can, sauran ya huta. Akwai wata dabba da ta fi doki tsayi, guda ɗaya takan riƙe gida tsawon makonni. Akwai wata ta ruwa mai faɗin wutsiya, mai datse rafi da itatuwa, ita ma ƙashinta ruwa ake mayarwa. Ruwa yakan daskare har a yi tafiya a kan kogi da ƙafa, wannan ma ban yarda ba sai da Ammi Salih ya ce ya taɓa ji. Idan ƙanƙara ta fara narkewa mata su tsaga wata bishiya su tari ruwanta, su dafa har ya zama sukari. Sannan masu yankan katako suka zo, sannan aka fara kwashe yara zuwa makarantun da ake dukansu in sun yi yarensu. Ya ce babban birnin ƙasar ma a kan ƙasarsu yake zaune, kuma babu wanda ya taɓa sayen ta a hannunsu. Duk wannan yakan faɗe shi yana fiƙe itace da wata lanƙwasasshiyar wuƙa da yake jawowa wajen cikinsa, ba ya ɗaga murya.

Ni ma nakan ba shi nawa. Gungunmu, wato tsibirinmu a tsakiyar kogin Kwara, da albasar da muke shukawa idan ruwa ya janye, da tsamiyar da ke yamma da gari inda aka binne mahaifina. A jikin tsamiyar nan kakana ya sara alamar inda ambaliya mafi girma ta tsaya a zamaninsa, mahaifina ya sara tasa a ƙasa da ita. Tun da aka kafa garin, ruwa bai taɓa wuce saran kakana ba.

Da aikin hajji ya zo, wani Alhaji Ɗanbaba na gungun da ke kusa da namu ya kawo mini takarda. Ranar Juma'a na karanta wa Antuwan ita, ina juya masa da Turanci, don in ba shi dariya. Sani ya rubuta cewa ana gina wata babbar madatsar ruwa a kudu da mu. Ma'aikata sun zo da madubin awo, sun kafa turaku masu jan fenti a kan tudun da ke tsallake, can sama da gonakin gero, sun ce nan ruwa zai tsaya. An ce za a tashe su zuwa sabon gari. Inna ta ce a gaya mini in zo in ga gida, in tsaya a kan kabarin mahaifina, ita ma ta gan ni.

"Ka ji fa," na ce. "Tudun nan ya fi masallacinmu tsayi sau uku. Wai Kwara za su tare. Su tambayi tsamiya mana."

Bai yi dariya ba. Ya ajiye wuƙar ya ce, "Turakun, kansu ne ja ko duka jikinsu?"

"Ina ruwana da kansu?"

"Irinsu nake kafa wa mutanen nan kullum. Ba sa kuskure, Garba. In sun ce nan, nan ne."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ƙila rafukansu ne ƙanana, Kwara ba sa'ar kowa ba ce, kuma ni ba baƙo ne zai koya mini halin kogin da aka yanke mini cibiya a bakinsa ba. Na faɗa da ɗaga murya har Ammi Salih ya ɗago kai. Wannan maganar tana cikin abubuwan da nake neman gafararsu har gobe.

Ya bari na huce, sannan ya ce shi ma yana saurayi an kafa irin turakun a dajin gidansu. Lokacin yana can yana tura wa masu katako gungume a kogi. Mahaifinsa ya aiko masa ya zo, shi kuwa ya ce sai bayan sanyi. Kakansa shi ma yana da sara a jikin dutse. Da ya koma, dajin da wurin shanya kifi da maƙabarta duk suna ƙarƙashin tafki, sai kawunan matattun itatuwa. Mahaifiyarsa tana cikin maƙabartar.

"Akwai gida ɗaya da suka yi dabara," in ji shi. "Kafin ruwa ya zo, tsohonsu ya tsaya a kan kabarin nasu ya ɗauki saitin wurin da alamun kan tudu. Har yanzu idan sun iso wurin sai su ɗaga filafili, jirgi ya tsaya, su yi shiru, su wuce. Mu kuwa tuƙi kawai muke yi. Ban san inda zan ɗaga nawa ba."

Ya ce in shiga huri. Muka fita kaɗan daga gaɓa, ya nuna mini hasumiyar wani masallaci da ta daidaita da ƙoƙon wani dutse a bayan gari. Ya juya ni, ya nuna wani dogon gida da ya rufe rabin wani tudu. Ya ce abu biyu a layi ɗaya ta nan, abu biyu ta can, duk waɗanda ruwa ba zai kai ba, inda layukan suka haɗu nan ne wurinka. Na ce ai mu ma da haka muke gane gurbin giwan ruwa, tun ina yaro na iya.

"To me ya rage? Aikin safiya ɗaya ne. Amma sai ka tsaya a wurin da ƙafarka."

Alhaji Ɗanbaba ya ce in shirya mu koma tare. Ammi Salih ya ce zai sa hannu a takardar fita ko yau. Khala Maryam ta tsare ni a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Esh fik, ya Garba? Me ke damunka? Uwarka ta ce ka zo. Halas, magana ta ƙare. Yalla, ka ɗaure kayanka."

Na ce, "Khala, shekara tara, in shiga gari da me? Da gizagon da na fito da shi?"

"Ya waladi, ita gizago ta ce a kawo mata? Ni ban san ko ƙofar gidan kakana a Katsina ba. Kai kana da ƙofa, kana tsaye kana lissafin tsaraba."

Babu wanda ya riƙe ni, wannan nake so a sani. Mutane da yawa a Jidda takarda ce ta hana su komawa, ko mugun kafili. Ni kunya ce, da kuma tsamiya. A can cikin raina na tabbata ruwan zai zo ya gaida saran kakana ya koma kamar yadda ya saba, mutane su dawo gidajensu suna dariya. Na rubuta wa Inna cewa baɗi war haka ina gida, na ba Alhaji Ɗanbaba takardar da turmin atamfa da kwalbar zamzam.

Antuwan bai sake tayar da maganar ba. Juma'a uku ya yi yana sassaƙa wani guntun katako da ya roƙa wurin Ammi Salih. Ranar da kamfaninsu zai tashi ya kawo mini filafili, siriri mai dogon baki, ba irin namu ba. Ya goge gefe ɗaya sumul. Ya ce a nan zan zana alamun guda huɗu idan na ɗauka, don kai yana mantuwa, itace ba ya yi. Na ce masa in sha Allahu. Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya faɗi wata kalma da yarensu, ya juya. Ban tambaye shi ma'anarta ba, ban kuma sake jin labarinsa ba.

Da hajji ya zagayo wani ne ya kawo takardar, gajeriya. An tashe su kafin damina ta yi nisa. Sabon garin na siminti ne, a kan tsandauri. Inna ta shiga ɗakin da aka ba ta, ta ce ba ta jin motsin ruwa, ta daina cin abinci sosai. Ba ta cika wata biyu ba ta rasu. Atamfar da na aiko ba ta ɗinka ba, ta ce sai na zo. Ruwa kuma ya kai turakun.

A bakin aiki na karanta. Na zauna a cikin wani hurin da na fara gyara, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a ranar da na binne tsohuwar Damagaram. Khala Maryam ta zo ta tsaya a kaina. Na jira faɗa, na ma so ta yi, amma ba ta ce komai ba sai "Allah yirhamha," wato Allah ya jiƙanta, ta dafa kaina.

Tare da alhazan shekarar na koma. Kowa na ɗauke da akwati da buta da darduma, ni ina rungume da filafili, ana ta tambayata ko a Makka ake sayar da shi. Sani ya kai ni kabarin Inna, wannan kam yana kan tudu, na yi mata addu'a. Na tambaye shi ko wani ya ɗauki saitin tsamiya kafin a tashi. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ana ta loda kaya a mota, wa zai tuna? Kai ne masanin ruwa a gidanmu. Kai muke jira."

Washegari da safe muka sami wani masunci, baƙo ne da ya biyo kifin sabon tafki, ya ɗauke mu. Na zauna a gaba ina tuƙi da filafilin Antuwan. Ruwa ne ko'ina, shimfiɗe, babu gungu, babu kan tsamiya, babu igiyar ruwan da zan karanta. Tuddan da na sani tun ina yaro suna nan, amma daga kan gungu na san su, daga ƙasa, yanzu kuwa duk sun gajarce sun koma kama ɗaya. Na ce mu yi kudu. Na ce a'a, mu ɗan koma yamma. Na ga wani dutse na ce shi ne, da muka matsa na ga ba shi ba ne. Har rana ta take muna kewaya, ni kuwa ina ta juya filafilin ina kallon gefen nan da aka goge, babu ko ƙwarzane a jikinsa.

Can masuncin ya gaji, ya ce da ladabi, "Alhaji, a ina zan tsaya?"

Na duba gabas, na duba yamma. Na ce masa ya ci gaba da tuƙi.